Talata a sashen ƙoda: robar da ta ƙi warkewa

Yau mafi yawan aikina ya tafi ne a kan wani dattijo mai wankin ƙoda ta ciki a gidansa (wato ana zuba masa ruwan wanki a ciki ta wata roba, daga baya a sauke shi da datti), wanda bakin robar da ke cikinsa yake ta fitar da mugunya duk da cewa makonni 3 ke nan yana shan maganin kashe ƙwayoyin cuta mai suna siprofuloksasin. Sakamakon ɗakin gwaje-gwaje ya sake nuna ƙwayar cutar Pseudomonas aeruginosa, wadda ita da Staphylococcus aureus su ne suka fi wahalar da mu a wannan sashe. Bisa ƙa'idojin da ƙungiyar ISPD, wato ƙungiyar masana wankin ƙoda ta ciki ta duniya, ta sabunta a 2023, cutar bakin roba da ba ta ja da baya ba bayan makonni 2 na maganin da ya dace, ko makonni 3 idan Pseudomonas ce, ta shiga sahun masu taurin kai.

Kafin komai na zauna da shi da ɗiyarsa muka bi yadda yake shan magungunansa, domin maganin rage sinadarin fosfet da masu ciwon ƙoda ke sha tare da abinci yana kama siprofuloksasin a hanji ya hana jiki amfana da shi, sai an raba tsakaninsu da sa'o'i. Sun kiyaye wannan. Suna wanke wurin kullum, suna shafa man jantamaisin mai kashe ƙwayoyin cuta, kuma suna manne robar da filasta don kada ta riƙa jan fata. Da ya ce mini, "'Yata, ko ni ne na yi sakaci?" na amsa masa da gaskiya cewa, "A'a Baba, ba laifinka ba ne."

Matsalar tana jikin robar kanta. Tana da zobba 2 na zaren Dacron, ɗaya a ƙarƙashin fata, ɗaya can cikin tsokar ciki, kuma idan ƙwayoyin suka kama zoben waje sai su lulluɓe kansu da wata yauƙi, kamar yadda gansakuka ke kama cikin randa, ta yadda magani ba ya isa gare su sosai. Hoton sikanin da aka yi masa da rana ya nuna ruwa ya taru kewaye da zoben waje, amma na ciki yana nan lafiya. Ruwan da ya sauke daga cikinsa garau yake, kuma fararen ƙwayoyin jini ba su kai 100 a kowace maikrolita ba, wato cutar ba ta shiga tantanin ciki ba tukuna. Na yi hamdala sosai a kan wannan.

A taron likitoci an duba yiwuwar kankare zoben waje ko sauya wa robar mafita, amma ra'ayina, wanda na faɗa a fili, shi ne kada a ƙara masa wani zagayen magani da fatan a ceci roba. Roba ana samun wata, amma tantanin da ya yi tabo ba ya komawa yadda yake, kuma doguwar shan maganin kashe ƙwayoyin cuta tana buɗe wa funfuna ƙofa. Idan aka yi jinkiri har cutar ta shiga ciki, dole a cire robar, a jira aƙalla makonni 2, a mayar da shi kan injin wankin jini, abin da yake matuƙar gudu.

An tsayar da shawarar cire tsohuwar robar a sa sabuwa a ɗaya gefen cikin a tiyata guda ranar Alhamis, yana kan magani. Na rubuta wa ɗiyarsa cewa idan ruwan ya gurɓace, ko cikinsa ya yi ciwo, ko zazzaɓi ya taso kafin ranar Alhamis, su taho da jakar ruwan nan take, ko da tsakar dare ne.