Kiren ɗin da na raina

Wata uku na shafe ina gina kwaikwayon masana'antarmu ta ƙarfe a kwamfuta da manhajar AnyLogic, tun daga tanderun lantarki, zuwa tanderun tacewa, har injin da ke zuba narkakken ƙarfe ya fito sanda-sanda. Duk wannan ya tafi lami lafiya. Abin da har yau yake ci mini tuwo a ƙwarya shi ne kiren ɗin sama, wato injin ɗaga kaya mai ɗaukar kasko, ƙaton mazubin narkakken ƙarfe.

A cikin kwaikwayon nawa, da zarar kasko ya cika, kiren na nan tsaye yana jira. Matsakaicin lokacin tafiyar kiren da ke rubuce a rajistar ofis kawai na ɗauka na saka. Sakamako ya nuna tanderu ne ke jinkirta aiki, ni kuma na kai wa manya rahoto da ƙarfin gwiwa. Aka matsa wa ma'aikatan tanderu lamba, suka ƙara sauri, amma ƙarfen da muke fitarwa bai ƙaru ba. Sai ga kasake sun yi layi, ƙarfen da ya fito da zafin kusan digiri 1,600 yana hucewa, dole a sake cin wuta a ɗumama shi.

Wani dattijon fomen ne ya ja ni gefe ya ce, "Injiniya, ka taɓa kwana tare da mu a nan?" Ban taɓa ba. Daren da na kwana na gani da idona: kiren biyu ne a kan layin dogo ɗaya, babu wanda zai iya tsallake ɗan'uwansa. Idan ɗaya ya tsaya da kasko fanko, mai cike da ƙarfe sai ya jira. Rajista ba ta rubuta wannan jiran.

Sati biyu na yi a tsaye da agogo a hannu, ina rubuta kowace tafiyar kiren, gajera da doguwa. Da na saka su, layin kasaken nan ya bayyana a allon kwamfuta kamar yadda yake a cikin masana'anta. Daga nan muka gwada bai wa cikakken kasko hanya da farko, muka kuma matsar da wurin gasa kasake (inda ake ɗumama su kafin a zuba musu ƙarfe), injin zuba ya daina yankewa.

Yanzu ba na yarda da kwaikwayo sai ya maimaita mini mummunar rana da muka taɓa gani. Ma'aikatan tanderu kuwa, da ƙafata na je na ba su haƙuri, don a kan lissafina suka sha faɗa.