Taswirata ta uku, da kogin da ya ƙi hawa tudu

'Yan uwa masu koyon rubutu, ga inda aka kwana a aikin duniyar littafina. Mako biyar ke nan ban ƙara ko babi ɗaya ba, taswira ta riƙe min wuya. Wannan ita ce ta uku, biyun farko suna kwandon shara.

Kogi ne ya fara tona min asiri. Don ya yi kyau a ido na zana shi: ya taso daga tekun yamma, ya ratsa nahiyar, ya faɗa tekun gabas. Da na zo rubuta inda jarumata za ta shiga kwalekwale, sai na tambayi kaina, wai ina ruwan nan yake gangarawa? Shiru. Ruwa daga tudu yake tasowa ya nemi gangare, ƙananan rafuka su yi ta haɗuwa har su zama babban kogi. Rarrabuwa kuwa galibi sai an kusa teku, kamar yadda Nilu yake yi arewa da Alƙahira. Na yi ta gugar fensir har takardar ta huje.

A taswira ta uku sai na fara da tsaunuka, na shimfiɗa su daga arewa zuwa kudu a tsakiyar nahiyar, sannan na nemi inda iska take busowa. A duniyarmu, daga layin tsakiyarta, wato ikwaita, zuwa wajen digiri 30 arewa ko kudu, iskar da ta fi yawa daga gabas take zuwa. Tsakanin digiri 30 da 60 kuma daga yamma. Nahiyata tana yankin zafi, don haka iskar gabas ce za ta kwaso danshi daga teku ta ci karo da tsaunukan. Tana hawa tana sanyi, kusan digiri 6.5 a kowace mita 1,000, har hadari ya haɗu ya zubar da ruwansa a gefen gabas. In ta gangara ɗaya gefen, a bushe take sauka. Hamadar Atakama ta ƙasar Chile ke nan: tsaunukan Andes sun tare mata danshin gabas, ga ruwan teku mai sanyi a gaɓarta wanda ba ya haɗa hadari.

Nan na gane na yi aikin baibai. Masarautar kurmi na ajiye a yamma, hamada a gabas.

Na kwana biyu ina neman hanyar zillewa. Har na yi tunanin in sa duniyar ta riƙa juyawa ta ɗaya ɓangaren, kamar duniyar Zahra, sai iskar ta koma busowa daga yamma, kowa ya zauna inda yake. Amma sai rana ta riƙa fitowa daga yamma, kuma kun san inda hankalin mai karatu zai tafi da zarar ya ga haka. Na haƙura, na musanya wa masarautun biyu wuri.

Ashe alheri ne. Da babban birnin ya koma cikin hamada, dole in samo masa ruwan sha, sai na ari dabarar Nilu. Masar ba ta samun ruwan sama na a zo a gani, daminar tsaunukan Habasha ce take cika kogin har ruwan ya iso can. Na tsago kogi daga ƙololuwar tsaunukana, inda ruwa yake zuba, na gangaro da shi yamma har ƙofar birnin. Ina gama jan layin sai na ga abin da na shekara ina nema: wanda ya riƙe tsaunukan nan ya riƙe maƙogwaron birnin. Da can sarakunan biyu gaba suke yi ba gaira ba dalili, ni kaina da nake rubutawa ban yarda da ita ba. Yanzu madatsa ɗaya a kan tudu ta isa a ɗaura yaƙi. A ganina, duk wanda rikicin labarinsa ya ƙi tsayuwa da ƙafafunsa, ya koma ya duba inda mutanensa suke ɗebo ruwa.

Dusar ƙanƙara ba ta ba ni wahala ba. Kilimanjaro yana da tsawon mita 5,895, kusan digiri 3 kudu da tsakiyar duniya, kuma akwai ƙanƙara a kansa. Nawa tsaunin mita 5,000 ne. In zafin gindinsa ya kai digiri 30, lissafi ya kai samansa ƙasa da sifiri. Karkatar duniyar kuwa na bar ta a digiri 23.5 irin tamu, don rani da damina su zo yadda aka saba. Wata biyu da na so rataya wa sama na cire ɗaya, ba zan iya da lissafin cikar teku da janyewarsa ba.

Nisa ma ya kunyata ni. Santimita 1 a takardata kilomita 100 ce. Na kwantar da zare a kan hanyar da ɗan aike ya bi a babi na biyu, na miƙe shi a jikin rula: santimita 9. Kilomita 900 ke nan, ni kuwa na rubuta ya iso a kwana uku, a ƙasa! Mai tafiyar ƙafa in ya ci kilomita 30 a yini ya yi ƙoƙari, wato wata guda cur. Yanzu zaren yana cikin littafin, duk tafiya sai na auna.

Saura tafkin da kogin yake ƙarewa a ciki. Ba shi da mafita zuwa teku, irinsa kuwa gishiri yake tarawa, kamar Tekun Gishiri da ke gefen Jodan, alhali a babi na huɗu masuntana suna kamfatar ruwansa suna sha. Tafkin Chadi nake so in fake da shi: shi ma ba ya kaiwa teku, amma ana shan ruwansa, saboda wani kaso yana tsiyayewa ta ƙarƙashin ƙasa ya tafi da gishirin. Wannan makon zan zana inda ruwan nawa tafkin zai ɓullo, wataƙila rijiyoyi a kan hanyar fatake.