Ingilishi a cikin littafin awon sukari: inda na kai

Salamu alaikum abokan karatu. Wannan watan na ajiye haddar jadawalin aikatau. Littafin da nake rubuta awon sukarina shi na mayar na Ingilishi: ƙarfe nawa, me na ci, ina na je, nawa na'ura ta nuna. Rubutun dama wajibi ne a kaina, to karatu ya samu wurin raɓawa. Likitanmu na nan Damagaram lambobi yake dubawa, harshen bai dame shi ba.

Inda na fi daɗewa shi ne tsakanin simple past da present perfect. Mu da muka yi lakwal, Faransanci ke ja mana ƙafa. Kai ya saba da "j'ai mangé à midi", sai baki ya kawo "I have eaten at noon", Ingilishi kuma bai yarda da haka ba. In ka ambaci lokacin da ya riga ya wuce, simple past ne: "I ate at noon", "I took my tablet at seven". In ba ka ambaci lokaci ba, halin da kake ciki yanzu ne abin dubawa, sai present perfect: "I have already eaten", "I haven't eaten yet". Ga mai ciwon sukari waɗannan tambayoyi biyu ne daban. Ɗaya, yaushe ka sha magani? Ɗayar, yanzu akwai abinci a cikinka ko babu? Da na kalle su ta nan, sai suka zauna.

Since da for ma haka. Depuis ɗaya ke ɗaukar su duka a Faransanci, amma Ingilishi ya raba. Since na tafiya da mafarin abu, kamar "tun" namu, "since 2019". For na tafiya da tsawon lokaci, "for six years". Aikatau kuma "I have had diabetes" ne, ba "I have diabetes since" ba.

Ran Lahadi 'yan fadarmu, wato abokan zaman shayi, kan fita da safe, daga Zango mu taka har Birni, mu zagaya ta fadar Sarki da duwatsun nan, ba Hausa ba Faransanci sai an dawo. Tafiyar ƙafa na sauke sukari, musamman ga mai shan ƙwayar maganin sukari ta glibenclamide ko mai allurar insulin. Shi ya sa ba na fita ban karya ba. A jaka akwai na'urar awo, gorar ruwa, dabino, da sukari ƙwaya uku a ƙulle cikin takarda. In hannu ya fara rawa, zufa mai sanyi ta karyo, ga yunwa ga jiri, sai in nemi inuwa in auna. Ƙasa da giram 0,70 a lita sukari ya faɗi ke nan: a sha giram 15, wato ƙwaya ukun nan, a jira minti 15, a sake aunawa. Takalmi rufaffe nake sa wa, don ƙaya na iya shiga ƙafar mai sukari bai ji ba, in na dawo kuma in duba tsakanin yatsu.

Wata Hajiya a cikinmu insulin take yi. Nata aikin ya fi nawa, don ba a so maganin ya zauna a zafin da ya haura digiri 30, ga shi a watan Afrilu garin nan kan wuce 40. Tana naɗe allurar a jiƙaƙƙen ƙyalle, ta sa a tsakiyar jaka, ba ta yarda rana ta doke ta.

Wurin shayi ne gardama. Sukari a buta ake zuba shi, don haka sai ka yi magana da wuri: "Malam, don Allah a tsiyaya mini nawa kafin a sa sukari." A nan muka yi much da many ana fifita gawayi: "How much sugar?" amma "How many cubes?" Abin da ake ƙirgawa many, abin da ake aunawa much.

Masu zuwa Kano, ku lura da lambobi. Namu na giram a lita ne, 1,26. A can za ku iya jin 126, ko 7.0 in da wani ma'auni mai suna mmol aka auna, duk abu ɗaya ne, kuma shi ne iyakar da in awon safe kafin karyawa ya kai ake zargin ciwon. Ingilishi ɗigo yake sa wa inda muke sa waƙafi, a karanta "one point two six".

Jimlolin if ba su ba ni wahala ba, ba a sa will bayan if, kamar dai si na Faransanci. Na rubuta biyu a kati, da Hausa da Faransanci a bayansa: "If I shake and sweat, give me sugar. If I faint, put nothing in my mouth and take me to hospital."

Wata mai zuwa "in", "on" da "at" zan kama, in Allah ya yarda. Mai son bin mu ran Lahadi ya karya tun daga gida, ya zo da ruwansa, ƙarfe bakwai muke tashi.