Na je Lakwaja neman inda sitima ke tsayawa

Tun muna yara idan ɗayanmu ya shigo gida da gudu yana haki, Kaka sai ta ce "ji shi kamar sitima". Sai da na girma na gane ashe jirgin ruwa ne mai hayaƙi irin na zamanin Turawa. To Asabar ɗin da ta wuce ni da maƙwabcin shagona a kasuwar Wuse muka ce bari dai mu leƙa Lakwaja mu ga inda abin nan yake tsayawa.

A Zuba muka hau mota bayan asuba. Gwagwalada, Kwali, Abaji, tireloli sun cika hanya kamar kullum, ni dai barcina na sha sai da muka hau gadar Murtala wajen Koton Ƙarfe abokina ya zungure ni wai tashi ga Kwara. Kai jama'a, wanda ya saba da dam ɗin Jabi bai san ruwa ba.

A bakin ruwa muka yi ciniki da wani dattijo Banufe mai kwale-kwale mai inji, Hausarsa ras har ta fi tawa. Ya kai mu mahaɗar Kwara da Binuwai yana nuna mana wai ga inda launin ruwan ya bambanta, na ce eh Baba na gani, alhali hannuna biyu na riƙe da katako ina ta salati a zuci. Da na ambaci sitima sai ya rage wutar inji, ya juyo gaba ɗaya. Ya ce mahaifinsa itace yake sara wa jiragen. Wai jirgin ci gare shi kamar gara, a jibga itace a bakin gaɓa, ya tsaya a loda, a yi ta cusa wa tukunya wuta ruwa na tafasa, tururin ne ke juya wata ƙatuwar ƙafa a bayan jirgin tana dukan ruwa fal fal fal. Sannan akwai mutum a goshin jirgi da doguwar gora yana auna zurfi yana kira, don idan aka hau yashi to fa an zauna kenan. Ta Binuwai kuwa sai damina ta yi nisa ruwa ya cika ake iya kaiwa Yola har Garwa ta ƙasar Kamaru, a sauke gishiri da atamfa a kwaso gyaɗa da auduga da fatu a juyo da sauri kafin ruwa ya janye.

Abin da na ɗan karanta kafin mu taho ya zo daidai da zancensa. A 1841 Turawan Ingila sun shigo da jirage uku, zazzaɓin cizon sauro ya yi musu ɓarna sosai suka koma. Sai a 1854 wani likita Baikie ya hau Binuwai da jirgi mai suna Pleiad yana ɗura wa mutanensa kwinin, babu wanda ya mutu, daga nan fa ƙofa ta buɗe. Kamfanin Royal Niger ya riƙe kogin, har ranar 1 ga Janairun 1900 da Lugga, wato Baturen mulkin nan Lugard, ya sauke tutarsu a nan Lakwaja ya ɗaga ta Ingila. Hatta ƙarafan dogon da ya isa Kano a 1911 ta ruwa aka kawo su Baro, wani gari a bakin Kwara. Wato jirgin ruwa da kansa ya yi dakon wanda zai ƙwace masa kasuwa, wannan ya ba ni dariya.

Amma dariyar ba ta daɗe ba, don bayan azahar wani ɗan acaba ya kai mu kabarin Sarkin Kano Alu, wanda Turawa suka cire a 1903, ya rasu a garin nan a 1926. Muka yi masa addu'a. Tun daga nan na kasa kallon ruwan kamar yadda na kalle shi da safe.

Sitima dai ban ga ko ɗaya ba, sai kwale-kwalen yashi da na masunta. Na sayo wa Kaka bandar kifi na dubu biyar, har muka iso Zuba fasinjoji na tambayar waye mai kifi a motar nan.