Darussan da na koya a aikin gajerun finafinan lafiyar ƙwaƙwalwa

Tunda ina barin wannan layi, ga abin da zan bar wa masu tasowa.

Gajeren fim kan ciwon damuwa yakan lalace ne a ɗakin tace hoto, ranar da mai ɗaukar nauyi ya ja kujera ya zauna bayan edita. Kun tsara labarin mai jego da barci ya ƙaurace wa, ta daina taɓa kunun kanwa, jariri na tsala kuka tana kallon bango, miji yana ganin raini ne ya shigo, uwar miji tana cewa a nemo mai ruƙiyya. Shafi 12, minti 12, ɗaki ɗaya da tsakar gida. Sai mai kuɗi ya ce fim ya yi sanyi, ba mai tsayawa kallonsa a waya: a ƙara fitowar da take ihu tana yaga zani, a cire likita tunda ya cinye minti biyu, a ɗora hoton ihun a fuskar bidiyon a YouTube. Matar da ke fama a ɗakinta za ta kalla ta ce ai ni ban kai haka ba, ta ƙara yin gum, mijinta kuma ya sami hujjar cewa lafiyarta ƙalau. Wanda ya yanke hukuncin bai taɓa zaman layin ganin likita a asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau da ke Kano ba, amma sunansa ke fara fitowa, kuma in likitoci suka yi ƙorafi darakta ake nuna wa yatsa.

Don haka kafin a kunna kyamara, a rubuta wa ke da maganar ƙarshe kan tacewa, a sa hannu gaban shaidu. A sa sharaɗin cewa likitan ƙwaƙwalwa zai karanta rubutun, ya kuma kalli fim ɗin da tallansa kafin a sake su, kuɗinsa kuwa yana cikin kasafi tun farko. Shi zai faɗa muku cewa ƙuncin kwanakin farko bayan haihuwa yakan wuce cikin mako 2, wanda ya zarce haka ke buƙatar asibiti, rikicewar da ke zuwa da gane-gane kuwa ciwo ne daban, na gaggawa. Cusa ukun a jikin mace ɗaya cikin minti 12 yi wa mai kallo ƙarya ne.

In labarin ya taɓa yunƙurin kashe kai, Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar wa masu shirya fim jagora a 2019: kada a nuna hanyar da aka bi, kada a jingina abin ga dalili guda (a wurinmu saki ko kishiya ake saurin kamawa), a nuna inda ake samun taimako. Lambar da za ku rubuta a ƙarshen fim, ku kira ta da kanku ku ji ana ɗauka. Sa wa mara lafiya mari a ƙafa da sunan magani kuwa tunanin zamanin dokar masu taɓin hankali ta Najeriya ta 1958 ne, wadda sabuwar dokar da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbinta.

Kada ku mai da malamin ruƙiyya mugu. Ku bar shi ya yi addu'arsa, sannan daga bakinsa a ji "ku kai ta asibiti". Iyaye sun fi karɓa daga gare shi.

Irin wannan fim shiru ya yi masa yawa, saboda haka janareta ya tafi bayan gida da doguwar waya, a naɗi shirun kowane ɗaki na minti ɗaya, a tsara ɗauka da lokutan kiran salla. Fitowa mai nauyi kada ta faɗo ranar farko, kuma a rage mutane a ɗakin. Jariri ya shigo don hoton kusa kawai, uwarsa na tsaye, sauran a yi da 'yar tsana. In labarin wata ne na gaske, a nemi izininta a rubuce, a sauya unguwa, sana'ar miji da yawan 'ya'ya.