Abin da ya sa ba na sa 777 a fayilolin tada sabar

Ƙaramin kamfani gare ni a Jidda, ni da yara biyu, muna haɗa wa masu masaukin alhazai da ofisoshin tikiti sabar, wato kwamfutar da ke riƙe da bayanai da manhajojinsu, mai aiki da tsarin Linux. Yawancin abokan cinikinmu 'yan uwa ne Hausawa, daga nan Jidda har Misfala a Makka, kuma abin da muka fi jayayya a kansa shi ne izinin fayilolin da ke tashi tare da na'ura.

Duk sanda aka kunna sabar, akwai rubutattun umarni da take bi tun kafin kowa ya shiga: na /etc/init.d, ko rc.local, ko na systemd, tsarin tada na'ura da Ubuntu (wani nau'in Linux) ta koma kansa a 2015. Root ne ke gudanar da su, wato mai iko da komai. Saboda haka wanda duk zai iya sauya layi ɗaya a ciki ya samu ikon root da zarar an sake kunnawa, ko da aikinsa buga rasit ne kawai.

Lissafin izinin ba wuya: karantawa 4, rubutawa 2, gudanarwa 1, sai a tara su. Lamba ta farko ta mai fayil ce, ta biyu ta rukuninsa, ta uku ta sauran mutane; 777 kuwa na nufin kowa na iya komai. Ina barin fayil a hannun root da 755, kowa ya karanta, root kaɗai ya gyara. Na systemd kuwa 644 ya ishe su.

Gab da azumi, lokacin da 'yan Umara suka cika gari, wani mai masauki ya kira ni. Manhajar rajistar baƙi ta tsaya, yaron da ke karɓar baƙi kuma ba shi da ikon tada ta.

"Injiniya, ka sa 777 mu huta mana."

Na ce, "Alhaji, wannan rataye makullin sef ne a bakin ƙofa. Hotunan fasfon baƙinka fa suna ciki."

Sai na rubuta wa yaron layi guda a sudo (hanyar ara wa mutum ikon root don wani aiki), wanda ya ba shi damar sake tada wannan manhaja kaɗai. Alhaji ya yi ɗan gunaguni, amma aiki ya ci gaba.

Inda masu gyara da yawa ke sakaci shi ne folda. Sai a kulle fayil tsaf a bar foldarsa a buɗe, alhali mai ikon rubutu a folda zai iya goge fayil ya ajiye nasa da suna iri ɗaya. Haka kalmar sirri: 755 kowa na karantawa, don haka nake cire ta in sa a wani fayil dabam mai 600, wanda mai shi kaɗai ke iya karantawa. Yarana sun sani, ba ma barin wurin aiki sai mun duba waɗannan da ls -l, umarnin da ke nuna izini, folda da fayil duka.