Tafiya Malaka Kafin Komawa Gida

Na miƙa kundin digirina, bizar karatu kuma ta kusa ƙarewa, sai muka ce bari mu leƙa Malaka, wani tsohon gari a ƙasar Maleshiya, kafin jirgi ya kwashe mu. Ni ne da abokaina biyu, Bayarabe da ɗan ƙabilar Ibo. Daga Kuala Lumpur, babban birnin ƙasar, tafiyar awa biyu ce a bas, hagu da dama ba ka ganin komai sai gonakin kwakwar manja.

A nan gardama ta tashi. Bayaraben ya kawo zancen da kowane ɗan Najeriya ke yi a Maleshiya, wai daga wurinmu suka karɓi irin bayan mun sami 'yanci. Asalin bishiyar na Afirka ta Yamma ne, wannan gaskiya ne. Amma tun 1848 Turawan Holan suka kai ta Bogor a Indonesiya, kuma a 1917 aka buɗe gonarta ta farko ta kasuwanci a jihar Selangor ta Maleshiya. Muna son labarin ne don yana rage mana zafi: gara a ce kwace mana aka yi da a ce sakaci muka yi.

Malaka ta sha hannu. Turawan Fotugal sun ci ta a 1511, na Holan a 1641, sannan Ingila ta karɓe ta a 1824. A garin ne Tunku Abdul Rahman, wanda ya zama firaministan farko na ƙasar, ya sanar da ranar 'yanci a 1956, aka samu a 1957, shekara uku kafin namu. Akwai titi guda da masallacin Kampung Kling da wurin ibadar Sinawa da na Hindu ke jere kusa da juna. Na daɗe a tsaye a wurin. Ba wai ba su taɓa faɗa ba. A Mayun 1969 jini ya zuba a Kuala Lumpur tsakanin Malay da Sinawa, lokacin mu muna tsakiyar yaƙin basasa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne mu ukun nan. Duk zamanmu a ƙasar ba wanda ya tambaye ni ƙabila ko jiha. Koren fasfo kawai ake dubawa. In wani ɗan ƙasarmu ya yi damfara, dukkanmu masu gidajen haya ke juya wa baya; in wani ya yi zarra a jami'a, dukkanmu muke ɗaga kai. Sai da na bar Najeriya aka fara kirana ɗan Najeriya, ba ƙari ba ragi.

A hanyar dawowa ɗan Ibon yana ta latsa waya, yana cike fom ɗin neman aiki a gida. Can ya ɗago ya ce, "Malam, ka nemi takardar shaidar ƙaramar hukumarka kuwa? Sun ce in babu ita ba za su duba digirin ba."